Jirin Da Ya Hana Ni Sunkuyawa

Amai na yi a kan zanen uwar wanda zan aura!

Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ranar da dangin saurayina, Mas Danang, suka kawo zoben baiko gidanmu a garin Klaten, na kama hannun mahaifiyarsa, Bu Warsini, na sunkuya zan ɗora goshina a kai kamar yadda kowace 'yar mutunci ke gaida manya a wajenmu... sai falon ya kife. Kujeru, baƙi, farantan shinkafa, komai ya hau juyawa.

"Innalillahi! Laras!" mahaifiyata ta ƙwalla ƙara.

Bu Warsini ta dubi zanenta na batik da na ɓata da amai, ta dube ni.

Da aka watse, mahaifiyata ta kankare min baya da kwabo da mai har ya yi jawur, wai iskar sanyi ce ta shige ni, maganinta ke nan a wajenmu. Ina! Ko juyi na yi a kan gado sai duniya ta wuntsila. Tsoro ya sa da muka haɗu da Bu Warsini a kasuwa na gaishe ta a tsaye ƙiƙam, kaina a sama.

Nan fa Retno, 'yar ƙanwar Bu Warsini da ta daɗe tana mutuwar son Danang, ta samu abin yi.

Bayan kwana uku sai ga Danang a ƙofarmu, ido jawur.

"Dik Laras... Ibu ta ce a karɓo zoben." Dik yake kira na, wato ƙanwa; Ibu kuwa mahaifiyarsa yake nufi.

"Me?!"

"Retno ta ce mata jiri da amai a jikin budurwa ba sai an tambaya ba. Kuma wai yanzu kin fi ƙarfin ki sunkuya mata."

"Ciki?! Ni?! Mas, kai ma ka yarda?"

"Da na yarda zan zo da babur? Hau, rabin raina. Da ƙyar na shawo kan Ibu, tana jiran mu a asibiti."

A gaban Bu Warsini likitar ta karkata kaina gefe, ta kwantar da ni da sauri. Ɗakin ya juya, na fasa ihu.

"Dubi idanunta, Bu, kin ga suna rawa? Wasu 'yan mitsi-mitsin duwatsu ne a cikin kunne suka bar mazauninsu. Da ta sunkuya sai su gangara."

"Duwatsu?! A kunne?!" Bu Warsini ta dafe ƙirji.

"Kowa yana da su, har ke. Ba ciki ba ne, ba kuma raini ba."

Likitar ta yi ta juya min kai sannu-sannu har ɗakin ya tsaya cak. Kuka ya ƙwace min.

"Kwana biyu kada ki sunkuya," in ji ta.

A bakin ƙofa na kama hannun Bu Warsini. Na ce a raina in ma faɗuwa ce in faɗi, ba zan sake gaishe ta a tsaye ba. Na fara sunkuyawa...

"Kul!"

Ta tallafo haɓata.

"Ba ki ji likita ba, 'yata?"

Danang ya saki baki. Matar da duk unguwa ke sunkuya wa ce ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, don na fi ta tsawo, ta ɗaga hannunta da kanta ta ɗora a goshina.

"Bar kanki a sama," ta ce. "Zoben ma bar shi inda yake."