Sunan 'Yar Fari

Ranar Lahadi ce ta bazarar 2016, ranar rufe gasa a zauren wani laburare da ke Springfield. Kwana uku aka ba kowa ya ƙirƙiro wasan kwamfuta, yau kuma kowa ya baje nasa ana gwadawa. Teburin Surayya Hashimu yana can ƙarshen layi kusa da banɗaki, wurin da mutum ba ya zuwa sai da wata buƙatar daban.

Wasanta babu harbi babu tsere. Labari ne kawai: yarinya tana bin ɗakunan gida tana son babanta ya kira sunanta, shi kuwa daga "ke" sai "yarinyar nan". Mutum uku suka gwada. Biyu suka tashi a tsakiya, na ukun ya rubuta mata cewa da alama ta manta ta sa sunan yarinyar a bakin uban, ta gyara.

Tana naɗe wayar caja, ranta a jagule, wani dogon saurayi ya ja kujera ya zauna. Minti ashirin bai ɗago ba. Da ya kai ƙarshe sai ya dube ta, ya ce da Hausa, "'Yar fari ce, ko?"

Surayya ta saki baki. "Ya aka yi ka gane?"

"Ni ma ɗan fari ne. Har gobe Ummata 'wannan' take ce mini. Sunana Imrana, a Sterling nake aiki, wurin ajiyar manyan kwamfutoci. Zan rubuto miki sharhi, amma ki shirya, ba na rage gaskiya."

Ta ba shi lamba don sharhi kawai. Haka dai ta gaya wa kanta a jirgin ƙasa na komawa gida Laurel.

Washegari saƙo ya shigo:

"Salam. Na ɗaya, rubutun yana gudu, ki bar mutum ya danna da kansa. Na biyu, ƙofar kicin ba a gane ana buɗe ta, sai da na zagaya sau huɗu. Na uku, kiɗan yana yankewa a falo. Duk waɗannan aikin yini ɗaya ne. Babbar maganar ita ce kin nuna mana abin da uban bai faɗa ba, ba ki nuna abin da ya yi ba. Ki zauna ki tuna. Kada ki daina, don a zauren nan kaf naki ne kaɗai ya bi ni har gida."

Ta karanta sau biyar, ta ji haushi sau biyar, sannan ta amsa:

"Na gode, Alƙali. Amma ba ka san mutumin ba."

Sai da suka yi mako uku suna haɗuwa shan shayi bayan ta tashi daga aikinta na kantin magani, sannan ta gaya masa. Marigayi Malam Hashimu, ma'aikacin sashen Hausa na wani gidan rediyo, shi ne uban cikin wasan. Shekara ashirin yana karanta gaisuwar masu sauraro, yana kiran sunayen mutanen Agadas da Kumasi da Gusau ɗaya bayan ɗaya. Ita da aka kawo ƙasar nan tana shekara shida, ta tashi tana ganin iyayen ƙawayenta suna kwaɗa musu kira a filin makaranta, ba ta taɓa jin nata sunan a bakinsa ba. An sha yi mata bayanin kunyar ɗan fari. Kanta ya gane, zuciyarta ta ƙi.

"Marubuciyata," in ji Imrana, "kin san abin da nake so game da ke? Ko haushinki ma tsara shi kike yi."

"Kai kuma ko soyayya sai ka sa mata lamba, na ɗaya, na biyu."

"Na ɗaya ina son ki. Sauran duk sharhi ne."

Kafin kaka ta shigo, har ya je ya gaida mahaifiyarta, Hajiya Saudatu, an fara maganar ya turo manyansa.

A nan ne Imrana, mai ganin kuskuren kowa, ya tafka nasa. Ɗoki ya kwashe shi, ya tura wasan a zauren WhatsApp na Hausawan yankin, ya rubuta: "Ku ga aikin 'yarmu." Bai tambaye ta ba. Ya manta cewa rabin mutanen zauren sun yi aiki da Malam Hashimu, sun san falon nan, sun san hular nan da ta zana.

Kafin la'asar wayar Hajiya ta ɗau zafi. Wannan ta kira ta jajanta, waccan ta kira ta ji ƙarin bayani. Wata ma cewa ta yi, "Ashe haka marigayi ya ƙuntata wa yarinyar nan, mu muna ganinsa salihi?"

Hajiya ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi ciwo. Ta dubi Aliyya, ƙanwar Surayya, don ta bakinta take bi in maganar ta yi nauyi.

"Gaya wa yayarki ta kyauta. Mutumin da ko ƙuda bai bari ya sauka a kanta ba, shi ta kai kasuwa yana kabari. Shi kuma wancan da ya yi tallan, kada ya ƙara tako mini gida."

Surayya ta sauke wasan daga intanet a ranar. Ta rubuta wa Imrana:

"Na buɗe maka abin da ban taɓa buɗe wa kowa ba, ka raba wa mutum ɗari biyu. Ka jawo ana zagin Baba. Don Allah kada ka kira ni."

Ya amsa:

"Laifina ne, ba ni da abin kare kaina. Zan yi shiru tunda kin ce. Amma ina nan."

Ya tura Kawu Dabo, ƙanen marigayin, ya ba da haƙuri, Hajiya ta ce ta ji. Wannan "na ji" ɗin kowa ya san ba ya buɗe ƙofa. Aka fara sako zancen Kamal, likita ɗan ƙawar Hajiya, mutumin kirki wanda bai yi wa kowa laifi ba. Ya zo zance sau biyu. Da ta ce masa ta taɓa yin wasan kwamfuta, sai ya ce ai yana da kyau mutum ya samu abin rage lokaci.

Wata huɗu Surayya tana zuwa aiki tana dawowa kamar an aiko ta. Tana kewar Imrana, tana jin haushinsa, tana jin haushin kanta fiye da nasa. Abinci ya daina yi mata daɗi. Sau da yawa takan rubuta "Alƙali" ta goge.

Wata Asabar ta watan Janairu aka wayi gari ƙanƙara ta rufe mota. Ta fita da abin kankarewa, yatsunta suka ƙage, sai ta tsaya cak. Shekara goma sha biyu tana zuwa makaranta, ba ta taɓa shiga mota mai sanyi ba. Kullum takan tarar an kankare gilashi, an kunna hita, an ajiye mata shayi a gefen kujera. Ba ta taɓa tambayar wa yake yi ba. A wurin ta durƙusa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Ta koma ciki ta buɗe kwamfuta. Ba don gasa ba, ba don kowa ba. Ta rage gudun rubutu, ta gyara ƙofar kicin, sannan ta ƙara taga a ɗakin yarinyar. Idan aka danna, sai a ga mutum da hula da jallabiya a cikin sanyi yana kankare mota. Ta ƙara takalman da aka goge, da littattafan da aka yi wa bango.

Kwana tara tana yi. Ranar ta ƙarshe ba ta ji shigowar Hajiya ba, sai ji ta yi an ce a bayanta, "Mayar da wancan wurin."

Ta mayar. Hajiya ta zauna a bakin gado, ta daɗe tana kallon ɗan mutumin nan yana kankara.

"Da ciwon ƙirjin nasa yake fita. In na hana shi, sai ya ce kada a gaya miki." Ta share ido da gefen mayafi. "Wa ya tuna miki?"

"Imrana ne, Mama. Tun ranar farko ya ce na nuna abin da Baba bai faɗa ba, ban nuna abin da ya yi ba. Ni ce na ƙi ji."

Hajiya ta miƙe ta fita. Daga falo Surayya ta jiyo ta tana cewa, "Aliyya, kira mini Kawunku. A ce wa yaron nan na Sterling ya turo."

Surayya ta ɗauki waya ta rubuta wa Imrana:

"Alƙali, na gyara. Ka zo ka duba."

Ko minti ɗaya ba a yi ba:

"Ina kan hanya, Marubuciyata. Wannan karon daga ni sai ke."

Aka ɗaura aure a masallacin Sterling bayan ƙaramar Sallah, Kawu Dabo ya yi walicci. Da yamma ta yi za a tafi da amarya, aka nemi Hajiya aka rasa, ta shige ɗaki ta turo ƙofa kamar yadda iyayen 'yar fari suke yi. Surayya ta zame daga hannun ƙawaye ta je sallama. Ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai ta ji murya ƙasa-ƙasa daga kan sallaya.

"Ya Allah, ga Surayya nan. Ka riƙe mini Surayya. Ka ba su zaman lafiya ita da mijinta, Ka kai ladan ga mahaifinta."

Ta sauke hannun. Ta jingina goshinta da ƙofar, hawaye na ɓata kwalliyar, ta ce amin a hankali yadda ba za a ji ta ba. Sai da aka shafa addu'ar sannan ta juya ta sauka wurin Imrana.