Takalmin Ƙasan Tanki

Ranar da Kamaluddeen ya fara ganin Sadiƙa, tsaye take a bakin tsohon tankin gidan ruwan garinsu, can ƙasar Isa, riƙe da ƙwaryar nono, mahaifinta Malam Yero yana tsiyayawa cikin ruwan. Shi kuwa injiniya ne, an turo shi daga Sakkwato ya sauya injunan tace ruwa, ya gina sabon tanki, a rushe tsohon. Ya buɗe baki zai yi faɗa, ta ɗago ta dube shi. Faɗan da bai yi ba ke nan.

Daga baya ta ba shi labari. Tana shekara huɗu ta faɗa tankin nan, lokacin babanta ne mai kula da injin. Aka yi ta lalube har azahar, sai ga ta zaune kan matakala, rigarta a bushe, takalmi ƙafa ɗaya babu. Tun ranar Malam Yero ke zuba nono duk Alhamis, kuma bututun tankin yakan ƙwanƙwasa sau uku, ko da injin a kashe yake. Kamaluddeen ya ce tsufan ƙarfe ne. Da ya ji da kunnensa, rana tsaka, bai sake faɗin haka ba.

Soyayya ta yi nisa, sai Jibrilla direban tankar ruwa, wanda ya daɗe yana sonta, ya tsegunta wa babanta cewa za a zuƙe tankin tas. Malam Yero ya kira Kamaluddeen.

"Wanda yam maido man ɗiyata na nan ciki. In ka kore shi, zai karɓe abinai. Ba ni ba ka ita."

Ransa a ɓace Kamaluddeen ya tura wa Sadiƙa saƙo: "Hasken idona, garinga laka shika sha, yara na ta ciwon ciki. Ba ni iya barin aikin, ba ni iya barin ki."

Ta amsa: "Injiniyana, Baba ba aikin yaƙ ƙi ba. Ko baƙo za a tayar, ai ana hwaɗa mai inda za shi."

Ranar Alhamis aka kunna injin zuƙa. Da ruwan ya kusa ƙarewa, Kamaluddeen ya roƙi tsohon ya cika tulu da hannunsa. Da tsohon ya cika, Kamaluddeen ya yi bisimilla, ya ɗora tulun a ka, ya taka har sabon tanki ya juye, leburori na dariyar injiniya da tulu.

Dariyar ba ta daɗe ba. A matakalar ƙarshe ta tsohon tankin, tsakiyar lakar shekara ashirin, ga ɗan jan takalmin roba a ajiye, tsaf, kamar yanzu aka wanke shi. Sadiƙa ta gane shi nan take. Can sai sabon bututu, wanda ko ruwa ba a sake masa ba, ya ƙwanƙwasa sau uku.

Malam Yero ya ɗauki takalmin, hawaye na bin gemunsa.

"An maido mata kayanta, an sallame ta ke nan. Ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure makon da famfunan gari suka kawo ruwa garai-garai. Tsohon ya sa musu albarka, ya roƙa musu zuri'a tagari, sannan ya ja angon gefe ya ce ko da wasa kada ya bar jikokinsa su je bakin tanki.