Wanda Ya Goge Jakunan Hadiyya

Ranar da Hadiyya ta fara ganin Rabi'u, saura ƙiris ta shaƙe shi.

Wata da watanni tana zuwa wani siber, shagon hayar kwamfuta, a unguwar Zongo tana gina wasan kwamfuta, aikinta na kammala makaranta: ayarin fataken goro da jakunansu, irin tafiyar kakanninta. A burauza, manhajar shiga intanet, take aikin, ta danna ajiyewa ta tashi abinta, ba ta san a cikin wannan na'urar kaɗai yake zaune ba. Rannan ta buɗe, wayam! Ga kuma baƙon saurayi, Rabi'un ke nan, a kujerar mai shago.

"Kai ne sabon mai wurin? Ina aikina?"

"Na share na'urorin duka, mutane na barin lambobin sirrinsu a ciki. Ba ki sauke fayil ɗin kin adana ba?"

"Ka goge mini jakuna, sannan kana mini tambaya? Mugu!"

"Sakaci dai, Malama," in ji shi, ko a jikinsa.

Ta yi kuka har ta gode Allah. Mahaifinta Alhaji Iro ya riga ya faɗa: in ta faɗi bana, karatu ya ƙare, sai awon atamfa a shagonsa na kasuwar Rood Woko.

Ta sake farawa daga tushe. Muhsin, wani ɗan kasuwa daga Kano da ke sonta, ya kawo mata kwamfuta sabuwa dal, ta huta da siber. Amma ba ta huta da Rabi'u ba, don ɗan nacin ya samo lambarta. Kullum bayan la'asar sai saƙo ya shigo:

"Sarauniyar sakaci, kin sauke na yau?"

"Ina ruwanka, uban goge-goge?"

"Ba ki sauke ba ke nan."

Haushi ya sa take sauke fayil ɗin ta tura masa, don dai ta rufe masa baki. "Ga shi, ka ci!" Shi kuwa sai ya loda ya buga, ya dawo da tsiya: "Jakinki na baya yana ratsa bango. Gyara." Abin takaicin, gaskiya yake faɗa. Abin da ya fi takaici, ran da saƙon ya makara sai ta kama kanta tana duba waya.

Da Rabi'u ya turo kawunsa neman izinin aurenta, Alhaji ya ce, "Wanda ya sa 'yata kuka? Ba a gidan nan ba." Ita ma ta ɗaga murya don a ji: "Ko a ƙafa aka ɗaura mini shi, kwancewa zan yi." Ta shiga ɗaki ranta duk a jagule.

Ana gab da ranar kare aiki gaban malamai, Muhsin ya matsa ta tsayar masa da magana. Ta ce ba ta sonsa. Bawan Allah ya miƙa hannu ya ɗauke kwamfutarsa, da wasan da komai, ya hau babur ya tafi. A wayarta kuwa, da ta tura fayil take goge shi saboda ƙarancin wuri.

Ƙafarta ce ta kai ta siber, fuska a murtuke.

"Kada ka yi mini dariya."

Bai yi ba. Ya buɗe wata jaka a kwamfuta, ga fayilolinta reras, kowanne da kwanan watansa, har na jiya. Ya loda, jakuna suka kama hanya.

"Duk ka ajiye?"

"Wuri uku. Sau ɗaya na sa ki kuka, Hadiyyata, ya ishe ni."

"Har yanzu ban yafe ba," ta ce, hawaye na zuba, tana murmushi.

Ta ci jarrabawa da yabo. Da kanta ta durƙusa gaban Alhaji ta janye maganarta, kunya kamar ta nutse. Alhaji ya sauko, ya amince.

Aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Da za a kai amarya, Alhaji ya tarar da ita da ango a zaure suna musu kan wanda ya fara son wani. Ya girgiza kai, ya dafa kawunansu.

"Allah ya ba ku zuri'a ta gari, ya ba ku zaman lafiya," ya ce, idonsa ya ciko. "Amma zaman lafiyar nan, jama'a, sai kun taya ni da addu'a."

Duk zauren ya ɗauka da amin.