Meye Haɗinki da Shi?

Tsoro ba laifi ba ne, kowa da nasa. Laifin shi ne mutum ya sa wa tsoronsa suna hankali, sannan ya bar 'yarsa ta biya. Abin da ƙanena Bayram, mai shagon zuma a kasuwar Ardabil, ya yi ke nan, kuma jinina ne amma ba zan rufa masa ba.

Da hannunsa ya zuba sukari a shayi ranar da aka zo neman auren 'yarsa Solmaz. A wurinmu in uba ya zaƙaƙa shayi a gaban masu neman aure, magana ta ƙare. Yaron kuwa Ilgar ne, malamin lissafi, maraya, ba shi da kowa sai tsohuwarsa Telli.

A tsakar gidana Solmaz da Ilgar suka yi rigimarsu ta ƙarshe, ina tankaɗe ina jin su.

"Kada ka je, Ilgar!"

"Kwali kawai zan riƙe, hasken idona. Ba dutse, ba sanda."

"Waɗanda aka kwashe bara me suka riƙe? Bindiga?"

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Solmaz, makon jiya wani yaro ɗan aji ɗaya ya jiƙa wandonsa a kan benci. Bai san yadda zai nemi izinin fita da Farisanci ba, Turkancin da muke yi a gida kuma an ce ba na aji ba ne. Ina ganinsa yana rufe wurin da jaka..."

"To ni fa? Wa zai rufa min?"

"In na dawo ki ja kunnena."

"Duka biyun zan ja. Ƙaton kai kawai!"

Bai dawo ba. Ya tsaya a bakin titi da abokansa, kwalinsu yana cewa a koya wa yara karatu da harshen uwarsu. Kafin azahar an zuba su a mota. Kotu ta ce ya yi wa tsaron ƙasa zagon ƙasa, ta yanke masa shekara shida.

A gidan yari ba kowa ke ganin ɗaurarre ba. Uwa, uba, ɗan'uwa na jini, sai mata. Budurwa da zobe a yatsa ba ta cikin lissafi. Aure kuma ba ya ɗauruwa sai da yardar uba.

Shi ya sa Telli ta tako da sandarta har gidan Bayram. Ina nan zaune.

"Malam Bayram, na zo roƙo. An ce ana iya ɗaura aure a can ciki. Ba biki, ba kiɗa. Yarinyar nan ta samu ta riƙa ganinsa kawai."

Bayram bai ɗago ba. Matarsa ta shigo da tiren shayi. Ya miƙa hannu ya ɗauke kwanon sukarin daga kan tiren, ya ajiye a bayansa.

Telli ta bi kwanon da kallo.

"Bayram!" na ce. "Mayar da kwanon nan!"

"Yaya, ki bar ni. Ɗana Rahim yana jiran a kira shi aikin gwamnati. Ana bin dangi gida-gida ana tambaya. Ki ce in haɗa jini da ɗan kurkuku yanzu?"

"Lokacin da kake juya cokali ba ka san kana da ɗa ba?"

"Ni dai hankali nake yi. A bari ƙura ta lafa."

Telli ta ɗauki shayin nan mai ɗaci ta shanye tas, ta ajiye kofin a hankali.

"Na gode da shayi," ta ce, ta fita.

Solmaz tana bayan ƙofa. Ta faɗo ɗakin ta riƙe ƙafar ubanta.

"Baba, in zama fansarka... Ba gida nake nema ba, ba kaya ba. Fuskarsa kawai, ta bayan gilashi!"

"Tashi. Wata rana za ki gode min."

"Baba, kai ka ba shi ni!"

"Na ce tashi!"

Daga nan duk ranar ziyara sai ta riƙe hannun Telli su tafi tare. Tsohuwa ta shiga, ita ta tsaya jikin katanga, dusar ƙanƙara tana sauka a kan mayafinta. In Telli ta fito sai ta tare ta.

"Inna, ya rame?"

"Kaɗan."

"Me ya ce?"

"Ya ce kunnuwansa suna nan yana ajiye miki. Ya ce ki daina tsayuwa cikin sanyi."

"Ki ce masa ba ruwansa. Ki ce masa... ki ce masa rabin raina yana can ciki, ya kula min da shi."

"Kai, 'yar nan! Da tsufana zan faɗi wannan a gaban mai gadi?"

Amma tana faɗa. Haka soyayyarsu ta koma, a bakin tsohuwa mai haƙori uku take shiga, a bakinta take fitowa.

Solmaz ta gwada kotu ko za a ɗaura ba da yardar uba ba. Aka ce ta dawo. Ta dawo, aka ce ta sake dawowa. Da suka ji sunan angon ma sai suka daina amsa gaisuwarta.

A hunturu na biyu Telli ta kwanta, ba ta tashi ba. Ba a bar Ilgar ya zo jana'iza ba. Solmaz ce ta yi zaman makoki kamar 'yar da ta haifa. Da aka share makoki na ja ta muka je shagon Bayram, a gaban maƙwabtansa.

"Yanzu ba shi da kowa," na ce. "Ba mai shiga wurinsa. Ba wanda zai san ko yana ci ko yana ciwo. Kalma ɗaya ce a bakinka."

"Yaya, ki rage murya, kasuwa ce."

"Don kasuwa ce na zo!"

"Saura kaɗan a kira Rahim. In ya kama aiki..."

"Baba," Solmaz ta ce, "in wani abu ya same shi fa?"

"Me zai same shi? Saurayi ne."

Ya juya yana goge kwalbar zuma da ba ta da ƙura.

Rahim ya samu aikinsa da bazara, ya tafi babban birni. Bayram ya ce a ƙara haƙuri yaron ya zauna da gindinsa. Ana cikin haƙurin nan aka ɗauke Ilgar zuwa wani gidan yari can kudu, ƙasar zafi, ba wanda aka sanar, don ba wanda za a sanar. Daga bakin wani da aka sako muka ji. Shi ne kuma ya sake zuwa daga baya, ya tsaya a ƙofata yana murza hularsa. Ciwon ƙoda ne, in ji shi. Ilgar ya yi ta roƙon a kai shi asibiti, ba a kai shi ba sai da ya daina magana. A can ya rasu.

Ni da Solmaz muka hau mota, tafiya kamar ba za ta ƙare ba. Ba ta yi kuka ba a hanya. Likkafani ta rungume a cinya, tana cewa kusa da Inna Telli za ta kwantar da shi.

Mutumin da ke bayan taga a gidan yarin ya dube ta.

"Meye haɗinki da shi?"

"Ni ce... an yi mana baiko."

"Matarsa ce ke?"

"Da an ɗaura..."

"An ɗaura ko ba a ɗaura ba?"

Ta ƙara rungume likkafanin.

"Ɗana," na ce, "ka dubi girman Allah. Ba shi da kowa sai ita."

"Hajiya, dangi ake ba gawa. Ba dangin da ya zo, hukuma ta binne."

"A ina?" Solmaz ta kama ƙarfen tagar. "A ina kuka sa shi? Ku nuna min ko daga nesa ne!"

"Dangi ake gaya wa."

Ya ja tagar.

A nan ta zube. Kukan da ta yi ban taɓa jin irinsa ba, kuma na wanke gawa da yawa a rayuwata.

Da muka dawo ba ta taka gidan ubanta ba. Ta buɗe gidan Telli ta share, ta fara tara yaran unguwa tana koya musu karatu da Turkanci. Na ce mata, "'Yar nan, kin san ƙarshen wannan." Ta ce, "Gwaggo, me ya rage da za su ɗauka?" Shekara ba ta zagayo ba suka zo da mota. Shekara huɗu aka yanke mata.

Yanzu Bayram yana da izinin shiga, ai shi uba ne. Duk ranar ziyara yakan rufe shago ya je ya zauna a gaban gilashi. A kira sunanta, a sake kira. Sai mai gadi ta zo ta ce, "Ta ce ba ta fitowa." Ni in na aika gaisuwa ta bakin uwarta tana amsawa. Shi ko sunansa ba ta bari a ambata.

To ga abin da hankalin Bayram ya bar masa. Surukin da zai riƙe shi da tsufa yana kwance a ramin da ba wanda ya sani. 'Yarsa tana da rai amma ba ta da uba. Matarsa takan ajiye masa abinci ta bar ɗakin. Dattawan kasuwa sun daina kiransa shaida ko a cinikin tunkiya. Rahim kuwa, wanda aka yi duk wannan dominsa, tun da aka kama ƙanwarsa ya aiko cewa kada a sake kiransa a waya, ana bincike a wurin aiki, a bari ƙura ta lafa. An yi masa haihuwa ma, a bakin mutane Bayram ya ji.