Abin Da Yayarsa Ta Gani

"Sai an duba ta! Wallahi ba a ɗaura auren nan sai likita ta duba ta!"

Muryar Hajiya ce, mahaifiyar wanda zan aura, take tashi a barandar asibiti. Matan da ke jiran layi duk sun juyo sun zuba min ido. Kunya ta gama kashe ni, amma ɓacin raina ya fi kunyar yawa.

Shi kuwa gogan yana jingine da bango yana juya makullin mota a yatsa, kamar ba da shi ake ba.

Na ce, "Kai ma ka yarda a yi min haka?"

"Haba Zumata... a yi kawai, hankalin kowa ya kwanta."

Hankalin kowa! Nawa fa?

A shagon yayarsa abin ya samo asali. Gyaran jiki take yi wa mata, da biki ya matso ta dage ita za ta gyara ni, wai amaryar ƙaninta ba za ta je hannun bare ba. Na gaya mata fatata ba ta shiri da reza, ta yi dariya ta ce ƙauyanci ne. Ta kwantar da ni a gadon nan nata mai leda, ta aske min gaba a bushe, tana yi tana hira da waya maƙale a kafaɗa.

Bayan 'yan kwanaki wani kullutu ya fito min a gefen wurin, ja, mai zafi, ko zaman kirki ba na iyawa. Ni da wautata na koma na nuna mata, na ɗauka 'yar'uwa na yi. Ta leƙa, ta taɓe baki.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Wai ciwon 'yan yawon banza na kwaso!

Dama ta daɗe tana cusa masa wata ƙawarta, sai ga hanya ta samu.

Mamana ta ce ba inda za ni, in haka ne a fasa auren. Ni na dage sai na je, don ina so in ga inda zai tsaya. Har muka iso asibiti ina jiran ya buɗe baki ya ce, "Hajiya, na san wadda zan aura."

Bai ce ba.

Da aka kira ni, Hajiya da yayar suka bi bayana fuu. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta ɗago kai.

"Wace ce marar lafiyar?"

"Ni ce."

"Sauran ku jira a waje."

"Ni ce fa uwar mijin..."

"Ko ke kika haife ta, Hajiya, sai da yardarta."

Ta rufe ƙofa, ta ja labule, ta duba ni a hankali. Sai ta ce, "Kin yi aski kwanan nan?"

Na gyaɗa kai, hawaye na zubo min.

"To shi ne. Gashi ne ya lanƙwashe ya koma cikin fata, wurin ya zama maruru. Daina kuka, 'yata. Kullutu a nan dalilansa da yawa. Wani aski ne, wani gumi da matsattsun kaya, wani 'yar hanyar ruwa ce a bakin wurin take toshewa ta kumbura. Akwai wanda ake ɗauka ta saduwa, akwai kuma mai haɗari da ba a cika gani ba, shi ya sa ake zuwa a duba. Naki ki riƙa gasawa da ruwan ɗumi, kada ki matse, zan rubuta miki magani. In bai sauka ba ki dawo."

Ta cire safar hannu.

"Kina so in yi musu bayani?"

"Shi kaɗai."

Ya shigo a ɗarare. Likita na magana, ni fuskarsa nake kallo. Tana kaiwa ƙarshe ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, har da dafe ƙirji.

"Alhamdulillah! Dama na sani, Zumata, wallahi na sani!"

Na zuba masa ido.

"Ka sani? To wannan numfashin na mene ne?"

"Haba rabin raina..."

"Kar ka ƙara kirana haka! Tsawon shekarun nan ko hannuna ban bari ka riƙe ba, kai ne shaida. Amma yayarka ta taɓe baki sau ɗaya, ka ɗauko ni a motarka ka kawo ni a buɗe ni!"

"Hajiya ce ta matsa..."

"Kai kuma bakinka ɗinke shi aka yi?"



Na ja jakata na fito. Hajiya ta taso da fara'a, da alama a bakin ƙofa ta kasa kunne.

"Ɗiyata, ai shi ke nan, sharrin shaiɗan ne..."

Na durƙusa na gaishe ta, don an koya min. Sannan na juya ga yayar, wadda ta duƙufa a kan waya kamar ba ta nan.

"Anti, rezarki ce. Ki faɗa da ƙarfi yadda kika faɗi na farkon."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Matan layi kuwa har da masu tafa hannu.

A bakin get ya cim mini yana haki.

"Zumata, don Allah tsaya! Biki ya zo, an gayyaci jama'a... me zan ce wa mutane?"

Na dube shi. Ina son sa, ba zan yi ƙarya ba, son ne ma yake ƙona min rai.

"Ka kai su wurin likita ta yi musu bayani. Ai ita ka yarda da ita, ba ni ba."

Na tsayar da tasi na shiga, na zauna a karkace saboda zafin wurin. Sai da muka sha kwana, ya ɓace min, sannan na bar kukan ya fito.