Minti Goman Zakiyyu

Wata 'yar jar fitila da ta ƙi mutuwa a gaban sitiyari ce ta kai Mukarrama gareji a Makarfi da motar babanta. Zakiyyu mai gyaran wayar mota ya leƙa, ya cire kan batir, sai ya ja benci ya yi zamansa.

"Malam, gyaran ke nan?"

"Jakar iskar sitiyari ce, mai tare direba in an yi karo. Ko an cire batir da sauran wuta a jikinta. In ban ba ta minti goma ba, a fuska za ta fashe min."

"Ni kuma in yi me da minti goma?"

"Ki faɗa min sunanki mana."

Kai, minti goman nan sai da ta kai wata shida! Kullum wayarta na ƙara:

"Mukarramata, ga raken Gazara nan na aiko, amma bai kai muryarki zaƙi ba."

"Injiniyana, ka cika daɗin baki."

Sai dai mahaifinta, Alhaji Jumare, ya ce atafau Ja'afar zai ba, wani bakanike mai zafin nama a Hunkuyi. "Wancan Zakiyyun kullum yana benci, mota a buɗe. Malalaci ba zai riƙe min 'ya ba!"

Da magiya ta yi yawa, ya kai wa Zakiyyu ɗaya motar tasa mai irin matsalar, don ya gani da idonsa. Zakiyyu ya durƙusa ya gaishe shi, ya cire batir, ya koma gefe. Haƙurin Alhaji ya ƙare, ya kai hannu ga rawayar wayar ƙarƙashin sitiyari. Caraf Zakiyyu ya damƙe hannun.

"Baba, kar ka taɓa!"

Riƙe hannun suruki a bainar jama'a! Alhaji ya sa aka mayar da batir, ya yi Hunkuyi yana huci.

Mukarrama ta yi kuka har idonta ya kumbura. "Ka kashe mu," ta rubuto wa Zakiyyu.

"Gara ya hana ni ke da in zuba ido ya ji ciwo," ya amsa, shi ma zuciyarsa a dagule.

Washegari Ja'afar ya hau aikin ba jira. Bam! Jakar ta tashi, ta haɗa masa hanci da jini, Allah dai ya taƙaita. Alhaji na tsaye a gefe, ya daɗe yana kallon hannunsa da Zakiyyu ya damƙe jiya.

Ranar Juma'a sai ga shi a garejin Makarfi. Ya zauna a bencin nan, ya daki gefensa.

"Minti goma ka ce ko? Zo nan, ɗana. Ta ishe mu mu sa rana."

Bayan an yanke rake aka ɗaura, Alhaji na ta sa albarka. Ana shafa fatiha wayar ango ta yi ƙara:

"Injiniyana, Allah ya bar mu tare. Amma yau ko minti ɗaya ka jira, ban yafe ba."