Rubutun da Ke Littafin Coci

"Karanta min wannan, Zaharadden."

Ko sallamarsa Surayya ba ta gama amsawa ba. Ya shigo falonsu na unguwar Bani Malik a Jidda da ledar wainar mutabbaƙ mai zafi, baki har kunne, wai ya zo yi wa amaryarsa barka da dawowa daga Ingila. Saura mako uku a ɗaura musu aure. Ita kuwa wayarta kawai ta ɗora masa a gwiwa.

"Habibti, ko ruwa ba za a ba ni ba? Wata biyu fa ban..."

"Na ce ka karanta!"

Ya duba. Hoton shafin wani littafi ne. Tana kallo fara'ar ta gudu daga fuskarsa.

Wata biyu Surayya ta yi tana jinyar Sitti Mashael, tsohuwar da take wa aiki, a gidan gonar 'ya'yanta da ke wani ƙauyen Ingila. Da can aikin na Lina ne, 'yar ƙanwar Ummanta, wadda suka tashi kan katifa ɗaya tun rasuwar mahaifiyar Lina. Bara Lina ce ta je, Zaharadden kuma shi ne direban tafiyar. Da suka dawo aka ce Lina ta auri wani ma'aikaci a Dammam, ba biki sai takardu sun fito. Ciki ya tsufa ta ajiye aiki, Surayya ta karɓa. Shi kuwa gogan naka Zaharadden ya koma aiki a tashar jiragen ruwa, ya yi ta hana Surayya tafiyar, wai sanyin can ba zai karɓe ta ba. Ita sokuwa ta ɗauka tsabar so ne.

A bayan shingen gidan gonar akwai wani tsohon coci na dutse, an ce ya haura shekara ɗari bakwai. Wata ranar Talata Sitti ta ce a tura kekenta can.

"Sitti, coci fa..."

"Kallo ne kawai, ya binti. Yalla, tura!"

Ciki sanyi kamar randa, ga warin danshi. Hasken rana na ratsowa ta tagogi masu gilashi kala-kala, yana zuba ja da shuɗi a kan benci. Ƙasan ma duk sunayen matattu ne da ƙafafu suka goge, har Surayya ta riƙa ɗaga ƙafa tana neman inda za ta taka. A wani lungu an sassaƙa mai gidan gonar na farko da matarsa, kwance gefe da gefe, ɗan kare a ƙafarsu. Sai ta ji Zaharadden ya faɗo mata a rai, har ta yi murmushi.

Wata Baturiya mai furfura da ke jera furanni ta kawo musu littafin da baƙi ke sa suna. Da ta ji daga Jidda suke, murna kamar ta yi tsalle. Ta ce bara wasu sun bar rubutu irin nasu, shekara guda tana son sanin me yake cewa. Ta buɗe shafin, ta sa yatsa.

Rubutun da Surayya za ta gane ko a mafarki ne.

"Tunda ka kasa, bari ni in karanta maka," ta ce yanzu. "'Zaharadden da matarsa Lina, daga Jidda. Allah Ya bar mu tare kamar waɗannan biyun na dutse.' Ka san me na ce wa matar? Na ce addu'a ce. Ta ce kai, abin sha'awa! Mako biyar ina haɗiye wannan, ina ba Sitti magani, ina amsa maka waya kana ce min hayati, wai ni ce rayuwarka..."

"Wallahi Surayya ki saurare ni..."

"Ƙarya ne rubutun?"

Ya sunkuyar da kai. "A can aka ɗaura. Babanta ya ba da wakilci ta waya."

"Mutumin Dammam ɗin fa?"

Ya kawar da kai gefe.

"Kai ne Dammam ɗin ke nan!" Ta yi wata dariya mai zafi. "Ni nake dafa mata farfesu ina kai mata unguwar Bagdadiyya, ina zagin mijinta da ya bar ta ita kaɗai da ciki. Ashe da safe ina zaginka, da yamma ina maka kwalliya!"

"Kafilina, ubangidan da ya tsaya min, ya ce ba zai sabunta min iƙama, takardar zama, ba. Lina tana da jinsiyya, 'yar ƙasa ce ta wajen babanta. Da an kore ni, wa zai riƙe tsohuwata? Don takarda na yi, wallahil azim! Ke ce a raina."

"Takarda ce ta ce ka roƙi Allah Ya bar ku tare? Wa ya tsare ka da bindiga a cocin nan? Ka rubuta da Larabci don ka san ba mai karantawa. Nan ne kaɗai ka faɗi gaskiya, Zaharadden, inda ka zaci ba zan taɓa zuwa ba."

Labulen ɗaki ya motsa, Umma ta fito tana gyara mayafi.

"Ya binti, rage murya, maƙwabta na ji. Ki yi haƙuri, abin duk gida ne..."

Surayya ta juya a hankali. Ba mamaki ko kaɗan a fuskar Umma, abin da ya fi komai yi mata ciwo ke nan.

"Umma... kin sani?"

"Tun Rajab. Lina ta zo tana kuka. Marainiya ce, in tona mata asiri? Na ce in an ɗaura naku sai a faɗa miki a hankali."

"In an ɗaura! Wato sai an rufe ƙofa ina ciki."

Wayarsa ta yi ƙara. Ya kalla, ya kife ta. Ta sake yi.

"Ɗauka mana. Matarka ce."

Ya ɗauka. Duk falon aka ji muryar Lina tana nishi, tana cewa naƙuda ta taso, tana kiran sunan Surayya. Umma ta hau salati tana neman takalmi.

Surayya ta tsaya cak. Ba wanda Lina ke da shi a duniya da zai riƙe mata hannu in ba ita ba, kuma ta tsani yadda zuciyarta ta riga ƙafarta tafiya. Ta ɗauko abayarta. Ta zare zoben baikon, ta ajiye masa a hannun kujera.

"Halas, an gama. Ka sanar da danginka an fasa."

"Surayya, don Allah... shiga mota mu tafi tare, mu yi magana a hanya."

"Ka ɗauki Umma ka kai matarka asibiti. Zan zo a tasi. 'Yar'uwata zan je in riƙe, daga nan har ta sauka lafiya. Bayan haka ku duka ukun kada wanda ya ce min yi haƙuri."

Ta riga su sauka. Sai da mai tasi ya tambaye ta sau biyu ina za ta, sannan ta iya buɗe baki, kuka ne ya fara fitowa.